Wayoyinmu cike da hotuna, amma ba mu da hoton iyayenmu



Kwanakin baya aka yi mana rasuwa a unguwa, wata dattijuwa da kusan duk wanda ya tashi a layin ya sha kununta ko ya sha faɗanta. Bayan an dawo daga maƙabarta, jikokinta da ke Minna da Kaduna suka bugo waya suna roƙon a turo musu hotonta, su ajiye, su nuna wa 'ya'yansu. Muka zauna a ƙofar gida mu wajen goma, kowa da babbar waya a hannu, muna ta lalube. Akwai hoton shinkafar biki, akwai na sabon babur, akwai na rasit ɗin tura kuɗi, ga hotunan ɗauki-kanka ba iyaka. Nata kuwa guda 3 kacal muka samu. A na farko tana can gefen taron suna, goggoron wata ya rufe mata rabin fuska. A na biyu rana na bayanta, fuskar ta zama baƙi ƙirin, sai mayafin ne ya shaida mana ita ce. Na ukun a gadon asibiti aka ɗauke ta ana mata ƙarin ruwa, ba wanda ya yarda a tura shi. Daga ƙarshe katin zaɓenta aka ɗauko daga cikin kwalla, aka ɗauki hoton hoton, aka tura. Wannan ɗan fasfo mai dishi-dishi shi ne abin da tattaɓa-kunnenta za su sani a matsayin kamanninta.

Mun ji kunya a ranar, kuma ita ce ta sa muke wannan rubutu. Ra'ayinmu shi ne kowane gida a garin nan yana bin matasansa bashin hoto mai kyau guda ɗaya na kowane mutum da ke cikinsa, tsofaffi a sahun gaba. Muna nufin hoton da aka ɗauka da niyya, aka nemi izini, aka zaɓi wuri, aka duba haske, aka wanke shi a takarda, aka rubuta suna a bayansa.

Mun san abin da za a fara cewa: ai wayata ƙarama ce, sai mai iPhone. Ba mu yarda da wannan uzuri ba, kuma ga dalilinmu. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda asalinsa kafinta ne. Kawunsa ya ba shi wata 'yar kyamara ƙirar Kodak a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana, yana rataya zane ko shimfiɗar gado a bayan mutum, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yake danna wa kowane mutum. Waɗannan hotuna na talakawa da 'yan kasuwa da matan aure su ne aka cika babban zauren Grand Palais na birnin Paris da su a 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa. Tecno ko itel ɗin da ke aljihunka yau tana iya ɗaukar hoto ɗari kafin ka gama shan shayi, kuma nan take za ta nuna maka sakamakon. Abin da Keïta ya fi mu shi ne natsuwa. Yana kallon mutum da kyau kafin ya danna, mu kuwa sai mun danna muke kallo.

Mu fara da haske, domin a nan muka fi yin ɓarna. Yawancin hotunan gidajenmu da tsakar rana ake ɗaukarsu, bayan an sauko daga idi ko an taso daga coci, kowa ya ci ado ana sauri kafin kwalliya ta baje. A ƙasarmu kuwa rana idan ta take tsaka kan mutum take tsayawa, sai inuwar gira ta cika kwarmin ido, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, goshi ya yi ta ƙyalli da gumi, mutum kuma ya runtse ido ya yamutsa fuska kamar wanda ake bi bashi. Ƙara da farar shadda ta Sallah. Waya tana auna haske ne daga abin da ya fi yawa a gabanta, to idan farar riga da farin sama suka cika hoton, sai ta rage hasken gaba ɗaya don kada farin ya ƙone, fuskar baƙar fata kuma ta nutse. Haka yake faruwa ga masu zuwa bakin ruwan Shiroro ta wajen Zumba su juya wa ruwa baya: ruwa ya fito tas, mutum ya zama inuwa.

Maganin yana cikin gidan kowa, ba a kashe ko kwabo. Ka zaunar da Baba daga cikin ƙofar zaure, taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofar, fuskarsa na kallon waje, kai kuma ka tsaya a waje bayanka na ga haske. Duhun zauren zai zama bango mai tsabta a bayansa, hasken da ke shigowa ta ƙofa kuma zai kwanta a fuskarsa a hankali ba tare da ya sa shi runtse ido ba. Idan babu zaure, bakin rumfa ya wadatar, ko inuwar katanga, ko kusa da taga a cikin ɗaki a kashe ƙwan lantarki. Inuwar mangwaro tana da daɗin zama amma tana yaudara, domin rana na ratsowa ta tsakanin ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Ka duba fuskar da idonka tukuna. Alamar cewa ka dace ita ce ka ga ɗan ƙyallin haske a cikin ƙwayar idon mutum. Idan babu shi, ka ɗan juya shi wajen haske har ya bayyana. Idan gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu da yawa, ka sa yaro ya riƙe farin zane ko farin buhu a wannan gefen, daga wajen hoton, zai mayar da haske. Sannan ka taɓa fuskar a jikin allon wayar da yatsa, don wayar ta san fuskar kake so ta auna. A wayoyi da yawa wata 'yar alamar rana za ta fito, wadda za ka ja sama ko ƙasa ka ƙara haske ko ka rage.

Lokaci ma yana da nasa. Da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar sakaliya, hasken yana zuwa ne daga gefe, yana da laushi, yana fito da kalar fatarmu yadda take. Ranar da hadari ya lulluɓe sama da damina, ko hazo ya sauko da hunturu, duk tsakar gida ta zama ɗakin hoto. Amma hunturun nan shi ne ke shafa wa gilashin kyamara ƙura, ga maiƙon yatsa, ga man ƙosai. Hotuna da yawa da muke zargin waya a kansu, gilashin ne kawai ke neman a goge shi da gefen riga. Da dare kuwa shawararmu a haƙura. Fitilar waya na faskara fuska da haske, ta sa goshi ƙyalli, ta bar baya cikin duhu, mutum ya fito kamar wanda aka kama a rumbun wani.

Sai nisa. Kyamarar waya an yi ta ne ta kwashe fili mai faɗi, shi ya sa idan ka matso da ita dab da fuska hanci yake kumbura, kunnuwa su ja baya, goshi ya yi tudu. Wannan ne ya sa Inna take kallon hotonta ta ce wannan ba ita ba ce, kuma gaskiyarta. Ka ja baya kamar taku 3, idan wayarka na da alamar 2x ka danna ta, idan babu ka ɗauka a haka daga baya ka yanke gefe. Kada ka yi ta zuƙowa da yatsu biyu har hoto ya farfashe. Kuma ka sauko daidai idon mutum. Tsoho na zaune kan tabarma, kai kana tsaye a kansa kana ɗauka daga sama, ka mayar da shi ɗan ƙarami mai babban kai, ga shi dole ya ɗaga ido ya dube ka kamar mai roƙo. Ka durƙusa. Dama can haka aka koya mana gaida manya, kyamara ba ta soke wannan ba. Yara ma haka, a tsugunna a daidaita da tsayinsu.

Kafin ka danna ka kalli kusurwa huɗu na allon. Buta, bokitin wanki, igiyar shanya da ta ratsa ta bayan wuya, turken akuya da ya tsiro daga tsakiyar hula, duk a cikin daƙiƙa goma ake kawar da su. Amma a nan muna da wani ra'ayi da wasu ba za su so ba. Mun ga yadda ake jan tsofaffi zuwa jikin motar baƙo ko gaban get ɗin wani mai kuɗi don a ɗauke su, ko a yi amfani da manhaja a cire bayan hoton a liƙa wani falo na ƙasar waje mai kujerun zinariya. Shekara 40 nan gaba jikanka zai so ya ga katangar gidanku ta ƙasa, da rumbun, da turmin, da yadda ake jera doya bayan an haƙo. Falon aro ba zai gaya masa komai ba. Ku ɗauko takardar naira 20 ku juya bayanta. Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi maginiyar tukwane, wadda ta rasu a Minna a 1984, kuma yadda ƙasa ta zaɓi ta tuna da ita shi ne tana kan aikinta da tukunya a gabanta. To mu ma, bayan hoton ado, mu ɗauki Baba da fartanyarsa a kafaɗa, mu ɗauki maƙeri a bakin zuga-zugi, mai kamun kifi da komarsa, Gwaggo tana tankaɗe, da iyayenmu mata na Gbagyi da kayansu a kafaɗa yadda suka gada. A Najeriyar nan J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu. Salon kitso da yawa da aka daina, a hotunansa ake ganinsu yanzu. Tsagen gado da ke fuskokin kakanninmu ma yana tafiya tare da su, domin kusan ba a yi wa yaran yanzu.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi ɓata mana rai, wato filta. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, sun yi suna wajen gyara kyamararsu ta dace da baƙar fata, kuma sun kyauta. Amma a cikinsu da sauran wayoyi akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Beauty, wanda sau da yawa a kunne yake ba ka sani ba. Aikinsa ya goge tamoji, ya share tsage, ya haska fata, wani lokaci har ya rage faɗin fuska ya ƙara girman ido. Budurwa ta yi wasa da shi a hotonta, wannan ruwanta. Amma ka ɗora shi a kan fuskar mace mai shekara 80, wadda kowane layi a goshinta noma ne da haihuwa da jinya da rashi, ka mayar da ita 'yar tsana mai fatar roba, wannan ƙarya ce kake shirya wa zuri'arka. Har ila yau akwai saƙon da muke cusa wa ƙannenmu mata ba mu lura ba, cewa hoto bai yi kyau ba sai an yi fari a cikinsa. Daga filta zuwa man bilicin tafiyar ba ta da nisa. A kashe shi. Maɓallin Portrait da ke dusashe baya shi ma a yi hattara da shi, domin yakan cinye gefen hula ko bakin mayafi, a duba da kyau kafin a tashi mutum.

Sai kuma abin da babu maɓallinsa a waya. Mutanenmu, musamman manya, da zarar an ɗaga kyamara sai su ƙame kamar soja a fareti, su haɗe rai, domin a saninsu hoto abin hukuma ne, na katin ɗan ƙasa da rajistar zaɓe. Kada ka ce "Baba yi murmushi", ba zai yi ba, in ma ya yi na dole ne. Ka zauna ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda aka yi aikin madatsar Shiroro kafin a buɗe ta a 1990, ko nawa ake sayar da ƙwaryar doya a Gwada shekarar da ya yi aure, ko wa ya fi kowa ƙarfin noma a zamaninsu. Wayar na hannunka a shirye. Zai manta da ita, fuskarsa ta koma wadda kuka sani, a nan za ka ɗauka, ka ɗauki da yawa ka zaɓa daga baya. Kakanni kuma da jika ake kama su, wasan da ke tsakaninsu ya isa ya kawo dariya. Ba lallai ba ne ma a yi dariyar. Akwai dattijon da kwarjininsa shi ne kamanninsa, a bar shi da abinsa. Kuma a ba mutum lokaci ya shirya. Idan Inna ta ce bari ta canza ɗankwali, a jira ta, ita ta san yadda take so a tuna da ita.

Izini wajibi ne. A cikinmu akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, malamai sun yi magana a kai ta fuskoki daban-daban, kuma wannan shafi ba wurin yanke hukunci ba ne. Wanda ya ce a'a, a'a ɗinsa ta zauna, kada a ɗauke shi a sace. Akwai kuma wanda ya yarda a ɗauka don gida amma bai yarda a watsa ba, kuma waɗannan izini biyu ne daban. Hoton matar wanka ko na ƙanwarka ba naka ba ne da za ka ɗora a Facebook don a yi maka tsokaci. Hoton majinyaci a gadon asibiti da hoton gawa kuwa, muna roƙon a daina yaɗa su gaba ɗaya. Rashin hoton kirki ne yake kai mu ga wannan, shi ya sa muke cewa a ɗauka tun mutum na da lafiyarsa.

Wani zai ce, a ƙaramar hukumar Shiroro, inda mutane suka baro garuruwansu suna kwana a azuzuwan makaranta a Kuta da Gwada, wa yake ta hoto? Tambayar na da nauyi, ba za mu raina ta ba. Tun a watan Afrilun 2021 gwamnan wancan lokaci, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, kuma kowa ya san abin da yankunan Allawa da Bassa da Galadima Kogo suka gani. Amma a ganinmu wannan hali shi ne ya ƙara wa maganar ƙarfi. Wanda ya gudo da dare da kayan jikinsa bai tsaya ɗaukar hoton da ke rataye a bango ba, kuma gidan da aka ƙona ya ƙone da duk fuskokin da ke cikinsa. Akwai yaran da za su girma ba su san kamannin ubansu ba. Sannan idan mutum ya ɓata ko aka ɗauke shi, abu na farko da ake tambayar iyalinsa shi ne hotonsa na kwanan nan wanda fuska ta fito sosai. Hoton da filta ta sauya wa kamanni ba zai taimaki mai cigiya ba. Don haka matasan da ke kai taimako sansanin 'yan gudun hijira, maimakon hoton rabon buhu da ake jera mutane a ɗauka don a nuna wa duniya, ku tambayi iyali ko suna son hotonsu na kansu, su sa kayan da suka ga dama, ku wanke ku kai musu ya zama nasu. Wannan halin ne kuma ya sa dole mu yi taka-tsantsan da abin da muke ɗorawa a intanet. Hoton da ke nuna garken shanu ko cikar rumbu ko hanyar shiga gida, da sunan ƙauye a ƙasansa, ba kowa ke kallonsa da zuciya ɗaya ba.

Ajiya ita ce inda ƙoƙarin yakan mutu. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa, memori na lalacewa ba sallama, mai gyara na goge komai. WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa inganci idan aka tura shi yadda aka saba, shi ya sa hoton da ya zaga hannu biyar yake zama kamar an jiƙa shi. Idan za ka tura wa ɗan'uwa don ajiya, ka tura shi ta Document ko ka danna HD. Mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya kyauta har gigabait 15, ya ɗora muhimman a can, ya kuma tabbata wani amintacce a gidan ya san yadda za a buɗe. Duk da haka ba mu ga abin da ya kai takarda ba. A zaɓi guda ɗaya ko biyu na kowane mutum, duk mai shiga Minna a ba shi ya wanko, a yi kwafi biyu, ɗaya a gida ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Tsofaffin hotunan da suka rage a ƙasan akwati kada a kai su a liƙe da leda mai zafi, domin idan an liƙe ba a ɓarewa. A shimfiɗa su a inuwa a ɗauki hotonsu da waya, a mayar da su cikin ambulan inda damshi da gara ba za su kai ba.

A bayan kowane hoto a rubuta da fensir, domin biro yakan huda ko ya zubar da tawada: cikakken suna, sunan da aka fi sanin mutum da shi, sunan mahaifinsa, garinsa na asali, wurin da aka ɗauka da shekara. Seydou Keïta da muka ambata, duk da ya adana dubban fina-finan hotunansa, bai rubuta sunayen masu su ba. Yau mutanen nan suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, yawancinsu ba a san ko su wane ne ba. Shi kansa lokacin da aka nuna hotunansa a New York a 1991, cewa aka yi ba a san mai ɗaukar ba, sai da aka bi sawu har Bamako aka gano shi.

Shawarar da muke kawowa gaban ƙungiya ita ce, kafin Sallah ko Kirsimeti mai zuwa, duk wadda ta riga, kowace unguwa ta fitar da matasa biyu, namiji ɗaya mace ɗaya saboda gidajen da namiji ba ya shiga. Su zaga gida-gida da hantsi, da farin zane guda da littafin rubuta sunaye, su fara da duk wanda ya haura shekara 70. Kuɗin wankin a haɗa shi a taron wata. Mu a layinmu mun riga mun ƙirga, tsofaffi 11 suka rage mana, kuma ranar Asabar da ƙarfe 8 na safe za mu fara da gidan da ke kusa da rijiya.